Rago, Ga Kunyarka

Ni ba ɗalibi ba ne a jami'ar, lebura ne. Ina faɗin haka tun farko don kada wani ya ji ina maganar badujalar jami'a, wato ƙungiyar masu busa da kiɗa, ya ɗauka na yi karatu mai zurfi. Firamare na gama a Ƙanƙara, na yi shekara biyu a sakandare, na bari. Wani ƙanen mahaifiyata ya samo mani aikin yankan ciyawa a jami'ar da ke birni, lokacin ina da mata da ɗiya guda. Da adda da lauje na shiga wurin, kuma da ban cika fito ba idan ina aiki, da su zan fito ban cuci kowa ba.

Wata rana ina sara a bayan wani sito ina fito, sai wani dattijo ya leƙo ta taga. Gajere ne, baƙi, gashin baki duk furfura, ya tsaya ƙyam kamar an kira shi fareti.

"Kai, mai fito! Daga ina kake?"

"Ƙanƙara, Baba."

"Ƙarya kake. Wanga kiɗa na wajen 'Yankara ne."

"Kakata 'yar can ce."

"To, ka cuci kakarka, ka gutsure mashi wutsiya. Sake."

Na sake. Ya ce in aje addar in shigo. A cikin siton na ga ƙahonin ƙarfe rataye a bango, manya da ƙanana, da ganguna, da kujeru an jera su kamar rabin da'ira. Shi ne shugaban badujalar jami'a, tsohon soja, mutumin Daudawa ta ƙasar Faskari. Kowa Baba yake ce mashi, har malamai masu manyan digiri. Ya miƙo mani wani ƙaramin ƙaho mai maɓallai uku, ya ce in busa. Abin da ya fito kamar kukan akuya. Ya ce, "Madalla, akwai iska. Sauran aikina ne." Daga ranar, idan na tashi daga ciyawa da la'asar, sai in wanke hannu in shiga sito. Ɗan Ƙanƙara yake kirana, bai taɓa kiran sunana ba.

Shi ya ba ni tarihin badujalar, guntu-guntu, muna goge ƙahoni. Kayan farko gado ne daga wata kwalejin horar da malamai da aka haɗe da jami'ar, duk sun lotse. Wanda ya fara riƙe ta tsohon ɗan sanda ne, maci kawai ya sani, a tafi a dawo a ƙame. Bayan shi aka kawo wani malamin kiɗa daga kudu. Shi ya zo da takardu masu layi biyar-biyar da ɗige-ɗige, ya koya ma ɗalibai karanta su, kuma shi ya fara kiɗan zaune: a jera kujeru a babban ɗakin taro, mutane su zauna su saurara, ba rawa, ba liƙi. Baba ya ce da farko 'yan gari sun yi ta tambaya wane irin kiɗa ne wannan da ba a tashi. Da malamin ya koma ƙasarsu aka ɗauko Baba.

Kaɗe-kaɗenmu kashi uku ne. Akwai taken ƙasa da taken jami'a, waɗanda ko barci ake aka tashe mu za mu busa. Akwai na takarda, cike da akwatin ƙarfe guda: maci-macin soja, da wasu masu sanyi na Turawa da ake busawa a kiɗan zaune, da wasu na kudu masu saurin ƙafa da ɗalibai ke so. Na ukun su ne na gida, kuma su Baba ya kawo. Taken gangar noma ne na ƙasarmu, irin wanda ake kaɗa ma manoma a wurin gayya. Ya ɗauko su ya raba ma ƙahoni: wannan ya riƙe murya, wannan ya amsa, babban ƙaho ya yi aikin uwar ganga. Ba su cikin akwati. Suna cikin kan shi, da wani littafin makaranta da ya cika da alamomin da shi kaɗai ya san fassararsu. Da sunan gari yake kiran su: Na Daudawa, Na 'Yankara, Na Sabuwa, Na Faskari babba da ƙarami.

Yawancin ɗaliban da ke busa ba su san cewa waɗannan kaɗe-kaɗe magana suke ba. Wasu ba su jin Hausa, wasu 'yan birni ne da ba su taɓa riƙe garma ba. Su daɗin sauti suke ji. Amma mutumin ƙauyenmu idan ya ji take, kalmomi yake ji, ɗaya bayan ɗaya, kamar an tsaya a gaban shi an faɗa. Na Sabuwa yabo ne na manomin da ya riga kowa kai ƙarshen gona. Na sha ganin masu gadi da masu shara sun bar abin da suke sun tsaya a bakin ƙofa idan muna gwada shi.

Akwai guda ɗaya da ba ya da sunan gari. Baba lamba tara yake ce mashi. Shi ne taken rago, wanda makaɗa ke juyowa su kaɗa ma wanda aka bari a baya wurin huɗa. Maganar gajera ce, sau biyu ake faɗin ta: rago, ga kunyarka. A karo na farko murya ta tsaya sama, kunya ta gona ke nan, wadda ya bari bai gama ba. A karo na biyu ta sauko, kunya ta fuska. Baba ya yi mashi ado sosai, yana da daɗi, yana da tsalle, ɗalibai na son shi fiye da kowane. A sito kawai ake busa shi, idan wani ya makara wurin gwaji. Mai makara ya shigo, mu tarbe shi da lamba tara, a yi dariya, a ci gaba. Ni da Baba kaɗai muka san abin da yake cewa. Ya taɓa ja mani kunne: "Wanga ba ya fita ƙofar nan. A ƙauye an sha zare wuƙa a kan shi."

Ga yadda muke aiki da na gida, domin a nan laifina yake. Tun da ba takarda, Baba ba ya faɗin suna. Zai dube ni ya nuna da yatsu, ni kuma in ja layin farko ni kaɗai, sauran su ji su kama. Ya ba ni wannan matsayi a shekarata ta huɗu, ya tsallake ɗalibai da suka fi ni ilmi. Yana kuma da wata doka tun daga soja: kiɗan da aka fara a gaban jama'a ba a yanke shi, ko da kuskure ne, sai an kai ƙarshe.

Wanda ke kula da harkokin ɗalibai a lokacin wani Dakta ne, mutumin Sabuwa, kuma badujala a ƙarƙashin ofishin shi take. Ba mugu ba ne, yanzu na san haka, amma yana da tsauri, kuma ba ya son ganin mu leburori uku a cikin ɗalibai. Ya sha cewa badujalar jami'a ta 'yan jami'a ce. Baba ne ke tare mana. Ni kuwa na riƙe shi a zuciya. Kuma gaskiyar da ban taɓa faɗa ma kowa ba ita ce, na fara kallon sandar da Baba ke jan kiɗa da ita. Ina ganin ya tsufa, ina ganin ni na san na gida duka, ina lissafin ranar da zan tsaya a gaba da fararen safar hannu.

Ranar bikin yaye ɗalibai ta zo. A shekarar ne matata ta fara zuwa kallo. A gida ban taɓa faɗin cewa busa nake ba, cewa nake aikin ofis, don kada a ce ɗan gidanmu ya zama maroƙi. Ita kaɗai ta sani, kuma na daɗe ina yi mata alfahari da jan kakinmu mai maɓallan zinare. Da safe, kafin a fara, na kawo ta kusa da rumfa ina nuna mata inda zan zauna. Sai ga Dakta cikin babbar rigar biki, yana ta faɗa saboda ba a gama jera kujerun baƙi ba. Ya hange ni.

"Kai, ba lebura ba ne kai? Ka tsaya kana ado! Aje ƙahon nan ka kwaso kujeru."

"Ranka ya daɗe, ina cikin masu busa."

"Na ce ka kwaso kujeru. Busa ta ɗalibai ce."

Na kwaso. Sawu shida na yi da kujeru a ka, cikin jan kaki, matata na tsaye tana kallon ƙasa. Iyakar abin da ya yi mani ke nan. Na sha juya shi a raina don in ga ko zai yi girman da zai rufe abin da na yi, bai taɓa kaiwa ba.

Aka fara biki. Muka busa taken ƙasa, muka busa na jami'a, muka raka jerin malamai da maci. Can aka kira Dakta ya gabatar da ɗaliban da suka yi fice. Ya taso daga kujerar shi zai bi doguwar shimfiɗa zuwa wurin magana. Baba ya dube ni ya ɗaga yatsu uku, wato Na Sabuwa, don ya girmama mutumin da taken garinsu. Na ga yatsun sarai. Na ɗaga ƙaho na ja lamba tara.

Ɗalibai suka kama da murna, har mai babbar ganga yana rangaji. Baba ya yi kamar an watsa mashi ruwan sanyi, sandar ta tsaya a sama. Na ɗauka zai yanke. Bai yanke ba. Ya sauke sanda ya ci gaba da kaɗa ta, idon shi a kaina, har ƙarshe. Manyan baƙi suna gyaɗa kai, suna jin daɗi. Amma daga can baya, inda iyayen yara na ƙauye suke tsaye a rana, dariya ta fara tashi. Wani ya yi ihu ya faɗi kalmomin da baki. Dakta ya tsaya a tsakiyar shimfiɗa, ya juyo ya dubi badujala, sannan ya ƙarasa. Ya buɗe takarda ya karanta sunaye.

Bayan kwana uku aka kafa kwamiti. Mutum uku a bayan dogon tebur, aka kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibai suka ce su abin da suka ji suka bi, kuma gaskiya suka faɗa. Da aka zo kaina, shugaban kwamitin ya ce, "Wa ke zaɓen kiɗa?"

"Baba ne, ranka ya daɗe. Ni abin da aka nuna mani nake busawa."

"Shi ya nuna maka wannan?"

Da na yi shiru ma, da wani abu ne. Na ce e.

Aka shigo da Baba ina zaune. Aka karanta mashi abin da na ce. Bai dube ni ba. Aka tambaye shi ko yana da magana. Ya ce, "Sanda a hannuna take." Aka sake tambaya, ya sake faɗin haka. A ƙarshen wata aka ba shi takarda, an sallame shi saboda rashin ɗa'a da cin mutuncin shugaba a bainar jama'a. Aka kuma hana busa duk wani kiɗa da ba ya cikin takarda. Ranar da zai tafi na ɓuya a bayan filin ƙwallo ina sara ciyawar da na riga na sare. Ya ɗauki littafin shi, ya bar sandar a kan kujera, ya koma Daudawa.

Ni aka ba riƙo, kafin a samo wani, kuma ba a taɓa samowa ba. Na samu abin da nake so. Sai dai ni takardun nan da ƙyar nake bin su, na gida kuwa da na iya an hana. Ɗaliban da suka iya karatun kiɗa suka gane ba ni da abin koya masu, suna gama karatu ba wanda ke maye gurbinsu. Kiɗan zaune ya mutu a shekara ta biyu. Muka koma taken ƙasa da maci biyu, mu goma, daga baya mu shida. Wata shekara aka ce ba sai mun wahala ba, za a sa take a lasifika. Aka kulle siton, aka mayar da ni ciyawa. Badujalar da mutum uku suka gina, a hannuna ta ƙare, kuma ba wanda ya tuhume ni.

Shekara goma sha ɗaya ban je Daudawa ba. Da farko na ce sai ya huce. Daga baya hanya ta lalace da 'yan bindiga, sai na samu hujja mai kyau, na riƙe ta, alhali mutane suna zuwa kasuwa suna dawowa kowane mako. Na yi sallah, na yi azumi, na roƙi gafara a kan ƙananan abubuwa da sunansu, wannan kuwa kullum sai in cusa shi cikin "da abin da na sani da wanda ban sani ba".

Bayan na aje aiki na dawo Ƙanƙara, wata ranar kasuwa na zauna kusa da wani mai sayar da masara, hira ta kai ga cewa shi ɗan Daudawa ne. Na tambaye shi tsohon soja mai busa.

"Au, Korarre? Yana nan."

"Wa?"

"Haka muke ce mashi. Ai zagin wani babba ya yi da ƙaho aka koro shi. Bara ma an so a sa shi cikin dattawan da ke sasanta rikicin gona, wani ya ce mutumin da hukuma ta ba takardar rashin ɗa'a ne zai sasanta mu? Aka bar maganar."

Ya faɗi haka yana auna masara, ba da mugunta ba. Washegari na hau mota.

Na iske Baba da hantsi a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida yana tufkar igiya. Ya rame, haƙoran gaba sun zube. Na yi sallama na durƙusa. Ya daɗe yana kallona.

"Ɗan Ƙanƙara. Ka yi tumbi. Sanda ta karɓe ka."

"Baba, na zo in faɗi wata magana."

"In dai cewa za ka yi kai ka ja lamba tara, aje ta. Ina wurin. Yatsuna ne, na san nawa na ɗaga."

"To mi ya sa ba ka faɗa masu ba?"

"Kana da ɗiya ƙarama. Kuma na ɗauka kwana biyu za ka yi abin ya ci ka, ka je ka faɗa da kanka. Na zauna nan ina jira kamar wawa. Duk motar da ta tsaya sai in leƙa."

Na fara kuka. Ya ce in bari, ba a gidan mutuwa nake ba. Ya shiga ciki ya fito da wata leda, ya zaro takardar sallamar, ta yi ja, ta kusa rabewa a wurin ninki. Ya ce, "Karanta layi na uku." Na karanta. Ya ce, "Na yi soja shekara ashirin ba a taɓa rubuta mani wanga ba. Takarda ta ɓata ni, takarda nake so. Je ka kawo."

Na fara da jami'a. A ofishin da ke kula da ɗalibai na samu wata ma'aikaciya, ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce, "Baba, badujala? A nan?" Ta tambayi na kusa da ita, shi ma bai taɓa ji ba. Aka tura ni wurin ajiyar fayil, aka ce na shekarun nan an kwashe su zuwa wani gini, ginin kuma ruwa ya shiga. Wani ya ba ni shawara in nemi wanda ya sa hannu a takardar. Dakta ya daɗe da yin ritaya, ya koma gida.

Na je Sabuwa a kan babur daga mararraba, ƙura har cikin kunne. Na same shi a zauren gidan shi bayan azahar, ya zama Alhaji, ya yi furfura, yana duba wasu buhunan iri. Bai gane ni ba. Na faɗi ko ni wane ne, na faɗi abin da na yi, tun daga kujeru har zuwa kwamiti. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce ma masu buhunan su ba mu wuri.

"Ka san wanda ke zaune a layin gaba ranar, da farar riga sabuwa?"

"A'a, Alhaji."

"Mahaifina. Ranar ya fara taka jami'a. Yana saurayi kurkunu ya kama mashi ƙafa. Ya fita gayya a haka don kada a ce ya ƙi, aka bar shi a baya, makaɗa suka juyo kan shi da wannan take. Sunan rago ya bi shi har ya yi jikoki. Saboda haka ya kai ni boko, ya rantse ɗan shi ba zai riƙe garma a gaban makaɗi ba. Na kawo shi ya ga inda na kai, sai aka tarbe mu da shi. Kafin in gama karanta sunaye ya tashi ya fita. Har ya rasu bai ƙara zuwa birni ba."

Na rasa inda zan sa idona.

"Ni na ɗauka tsohon nan bincike ya yi, tun da ɗan ƙasarmu ne, ya tono abin don ya tozarta ni. Shi ya sa ban saurara mashi ba. Kai ka san labarin?"

"Wallahi ban sani ba, Alhaji."

"Ke nan a kan kujeru ne."

"A kan kujeru ne."

Ya yi wata dariya marar daɗi. Na roƙe shi ya rubuta ko layi biyu ne, cewa Baba ba ya da laifi. Ya ce hannun da ya sa ma waccan takarda yana da hatimi a bayan shi, wannan kuwa hannun manomi ne. Na ce ko a farar takarda ce Baba zai karɓa. Sai ya ɗaga murya.

"In rubuta cewa na kori mutum a kan ƙarya? Kai ka sa ni zalunci, kuma kai ne za ka zo da biro in sa hannu? Ka ce mashi ya yafe mani, da baki. Kai kuma tashi ka ba ni wuri."

Na koma Daudawa hannu wofi. Baba yana ganina ya ce, "Ina takarda?" Na faɗa mashi yadda aka yi, har da labarin mahaifin Alhaji. Wannan ya taɓa shi, ya daɗe yana salati. Ya ce shi dai ya yafe ma Alhaji, don an yi mashi abin da ya fi kora. Sannan ya ce, "Tun da ba takarda, sai baki. Jibi Juma'a. Idan an sallame ka tashi ka faɗa, da ƙarfi, yadda ka ja shi da ƙarfi."

Na kwana biyu a gidan wani ɗan'uwa a Faskari, kuma sau biyu na je tasha da niyyar komawa gida. Ranar Juma'a na zo. Na nemi izinin liman tun kafin huɗuba. Da aka sallame, mutane sun fara neman takalma, ladan ya ce a dakata, baƙo na da magana. Na tashi. Na ce ni ne na busa zagin da aka kori Baba a kan shi, shi yabo ya umarta, ni na juya, kuma na yi mashi ƙarya a gaban hukuma na karɓi matsayin shi. Ban ƙara komi ba, ban ambaci kujeru ba.

Wasu sun yi salati. Da yawa matasa ne, ba su san abin da ake magana a kai ba, suka ci gaba da fita. Wani dattijo ya ce, "Shekara nawa yanzu?" Na faɗa. Ya ce, "Kai kuwa ina ka shiga?" Liman ya yi addu'a, ya ce jama'a su shaida. A bakin ƙofa na ji wani sa'an Baba ya dafa kafaɗar shi yana cewa, "Ashe haka aka yi, Korarre? Kai ma da zurfin ciki!" Da alheri ya faɗa. Sunan ya riga ya zauna a bakin shi.

Na bi Baba har ƙofar gida, yana gaba ina baya. Ya zauna a kan tabarma ya jawo igiyar shi.

"Ka biya bashin gari," ya ce. "Tafi, kada mota ta bar ka. Ba a yin yamma a hanyar nan."

"Baba, ka yafe mani?"

Ya tofa yawu a tafin hannu ya murza igiya a cinya.

"Ban ce ba tukuna."

Na tsaya kaɗan ko zai ƙara wani abu. Bai ɗago ba. Na sa takalmina na nufi tasha.